Neman Robar Kuloci Har Ƙwanni

Tun da aka ji na taka ƙasar Faransa, wato tsallaken iyakarmu, ba ni da sakat a tashar Boɗinga. Wannan ya tare ni ya ce yaya Ƙwanni, wancan ya ce da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa sai ya ƙara wa labarin gishiri kafin ya kai wa na gaba, har na ji ana cewa wai mota na je sayowa. Ba mota ba ce. Roba ce, ƴar ƙarama, faɗinta bai fi bakin kwalba ba. Ga yadda aka yi.

Motata tsohuwar bas ce da na gada daga yayana. Ina jigilar mutane da albasa da ita tsakanin Boɗinga, Sifawa da Sakkwato, kuma duk wanda ya taɓa shigarta ya taɓa tura ta. A bazarar da ta wuce, lokacin da rediyo ya fara koya mana tsuke bakin aljihu, matata Luba tana da cikin fari. Sistar asibitinmu, wata mutuniyar Zuru da ba ta iya kwana-kwana ba, ta duba ta, ta kira ni ciki.

"Ɗan nan a gicciye yake kwance," in ji ta. "Ranar da naƙuda ta tashi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ka sa ta a mota sai babban asibitin Sakkwato. In kuka yi wasa za a rasa su duka biyu."

To, amma haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, kuma iyayen Luba suna wani ƙauye can bayan Dandin Mahe, inda kwalta ba ta taɓa leƙawa ba. Aka yi ta ja tsakanin Sista da tsofaffi har ciki ya shiga watansa. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa za a kai ta gida, ni kuma in riƙa kwana da mota kusa, don babu wata mota a ƙauyen sai amalanken shanu.

Niyyata ranar in sauke ta da gwaggona mai rakiya a ƙofar gida, in juya kafin kowa ya ga fuskata, kamar yadda kowane suruki mai kunya zai yi. Muka bar kwalta, muka sha rairayi, muka iso. Aka sauke kaya. Na taka kuloci zan sa giyar baya, sai feda ta tafi ƙasa babu wani nauyi, ta kwanta abinta. Na ɗago ta da babban yatsa, na sake takawa, ta sake kwanciya. Motar ta rasa inda za ta mutu duk faɗin ƙasar Shagari sai ƙofar gidan surukina.

Ba zan faɗi sunansa ba, Baba nake ce masa. Manomin albasa ne, dogo, mai rawani, kuma tun da na auri ƴarsa bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In yana da abin faɗa mini, sai ya faɗa wa itacen dogon yaron da ke ƙofar gidan, ni kuma in ba tayar mota amsa. Ga shi Luba ce ƴarsa ta fari, don haka ko sunanta ba ya kamawa, balle ya nuna ya san tana da ciki. Ya fito, ya dubi motar, ya dubi itacen.

"Abin ga ya tare ma jaki hanya," ya ce.

Na ce wa taya in Allah ya so za a kawar da shi.

Kulocin motata mai shan mai ne, ba mai waya ba. Akwai na sama kusa da feda, da ɗan kofinsa da ake zuba man birki, akwai na ƙasa jikin giya, da bututu a tsakaninsu. Na buɗe kofi, na tarar ƙaf. Mai ba ya tafiya sai da ƙofa, don haka na shiga nema. Na ɗaga tabarmar ƙafa na shafa bayan feda, a bushe. Na kwanta ƙarƙashi na bi bututu da yatsa har inda ya haɗu da na ƙasa, nan na ji danshi. Rairayi da gargada sun sassauta notin. Na ɗaure shi, na cika kofi daga gwangwanin da nake ɓoyo ƙarƙashin kujera, na ce aiki ya zo da sauƙi. Saura cire iskar da ta shiga.

Cire iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya na kan kujera, ya yi ta taka feda, sannan ya danne ta ya riƙe. Ɗaya na ƙasa, ya kwance wani ɗan noti a jikin kulocin, mai da iska su feso, ya ɗaure, sannan na sama ya ɗaga ƙafa. Maza duk suna fadama wajen cirar albasa. Ina tsaye ina tunanin wanda zan kira, sai na ji ƙofar direba ta buɗe. Baba ya tattara babbar riga, ya cire takalmi, ya hau ya zauna. Ya shaida wa gilashi cewa shi dai jakinsa yake ji.

Na yi wa taya bayanin aikin yadda Baba zai ji. Na ce ana takawa, ana dannewa. Akwai sauran magana, wato kada a saki sai an ce, amma na juya ta a baki na rasa yadda mutum zai ce wa surukinsa "kada". Na ce a raina ai babba ne, zai gane. Na shige ƙarƙashi.

"Allah shi ba ka yawan rai, in babu takura, da an ɗan taka."

Aka taka.

"Allah shi ƙara girma, Allah shi ja kwana, da an ɗan danne."

Na kwance noti, mai ya fito, na ɗaure. Muka yi ta yi har azahar, muka koma bayan la'asar. Washegari ma haka. Feda tana nan da laushi kamar an taka tuwon jiya, gwangwanina kuwa ya ƙare a cikin ƙasar ƙofar gida. Na kwance kulocin ƙasa na zaro robar da ke ciki, na dube ta a rana. Ba ta yage ba, amma ta yi mini kama da wadda ta gaji. Na yanke hukunci laifinta ne.

Wani zai ce ai direba na iya jan mota ba kuloci. Ana yi, a kan kwalta, da batir mai rai. Tawa sai an tura take tashi, ga rairayi mai cin taya har gindi, ga mai naƙuda a baya. Ban ko gwada ba.

A kwanakin nan zauren liman nake kwana. Daga gidan surukai kullum sai an aiko da akushi, tuwon gero da miyar kuka da man shanu yana ƙyalli a sama. Ni kuwa doka ta ce in taɓa gefe in mayar. Ina kallon tuwon, tuwon na kallona, a zo a ɗauke. Na rame a gaban abinci mafi kyau da aka taɓa ajiye mini. Da zan tafi, Luba ta leƙo ta zaure, ta ce ungozoma ta ce da saura, amma in yi sauri. Ta faɗa tana dariya, sai dai hannunta na riƙe da bango.

Na naɗe kulocin a tsumma na sa aljihu, na taka zuwa kwalta, na hau motar wani zuwa Sakkwato. Direba a motar wani abin tausayi ne. Duk inda ya kamata a canja giya ƙafata sai ta taka ƙafar maƙwabcina, wani mai goro, har ya ce in ina da wata magana da shi in faɗa da baki.

A Sakkwato na bi layin masu kayan mota shago-shago. Kantoci fayau, sai kwalaye babu komai a ciki, an jera su don kada ido ya ji kunya. Kowa amsarsa ɗaya, an hana shigo da kaya. Wani ɗan kudu mai kirki ya ba ni kujera, ya kawo robar wata mota daban da reza, ya ce in na iya fiƙe fensir zan iya wannan. Man birki kuwa, wani direban Yabo ya rantse mini shi ruwan garin sabulu yake zubawa tun sallah, kuma har yau bai kashe kowa ba sai tunkiya. Na gode masa. Shi ne dai ya ce in je Illela, in babu in tsallaka Ƙwanni, don kayan da aka hana shigowa can suke tsayawa su huta.

A Illela babu. Na nufi iyaka. A ɓangarenmu wani mai kaki ya karɓi lasina, ya tambayi daga ina. Na ce daga wajen Shagari, garin shugaban ƙasa.

"Daga gidan mulki?" ya ce. Ya kira abokin aikinsa. "Zo ka gani. Mulki na hannunsu, ga shi za shi ƙasar wasu neman roba. To mu mi za mu ce?"

Suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ce in na samu in sayo musu sabulu.

A ɗaya ɓangaren jandarma ne, cikin wando matsattse da hula mai kama da murfin tukunya. Hausarsa irin tamu ce sak, sai in ya so ya tsorata mutum ya juya Faransanci. Ya sa na kwance tsumma. Ya ɗauki kulocin, ya leƙa ta wannan rami, ya leƙa ta wancan, ya hura shi, sauran mai ya feso masa a gashin baki. Na dubi ƙasa. Ya ce in jira babbansu. Babbansu kuwa ya tafi barcin rana, don a ƙasar nan da rana ta take ofis da kanti da kasuwa duk sai su rufe, kowa ya je ya kwanta da izinin hukuma. Mu nan ma muna yi, amma a ɓoye. Na zauna a inuwa har la'asar. Babban ya zo, bai ko dubi abin ba, ya yi mini hannu in wuce.

Na sauka gidan wani mai masaukin baƙi kusa da tasha, tsoho mai ido ɗaya da baki ɗari. Ɗakin na fatake ne, tabarma da buta, da wani mai raƙumi da ke minshari tun kafin magariba. Da ya ji ni mutumin albasa ne, sai ya aika aka kawo tasu ta Galmi, ya yanka ya ɗora mini a tafin hannu.

"Ɗanɗana. Taku ta Sakkwato awa ruwa take. Wagga ita ta albasa."

Na ɗanɗana. Na ce ba laifi. Gaskiya ta fi ba laifi, amma ban tsallaka iyaka don in zubar da mutuncin fadamarmu ba.

Burodin da kuke tambaya gaskiya ne. Dogo ne, bayansa da tauri har ya kan yanki dasashi, a hammata suke saƙale shi ba ko takarda. Da safe sai su tsoma shi cikin wani baƙin shayi mai ɗaci da madara. Suna kuma cin ganye ɗanye da mai da tumatir, manya da gemunsu, ba don an rasa wuta ba. Ni dai duk abin da aka ajiye na cinye, na ƙara da shinkafa da kilishi, don babu surukina a Ƙwanni. Amma da na ƙoshi sai abin da yunwa ta danne ya taso. Na zauna bakin ƙofa bayan magariba ina ganin hannun Luba a jikin bango. Tsoro ya kama ni sosai. Na ce ga ni nan ina gardamar albasa, wataƙila can an fara neman amalanke.

Da safe mai masauki ya raka ni garejin wani bakanike, Isuhu. Ya dubi robar, ya juye wani tsohon gwangwanin madara a kan buhu, ya tona, ya miƙo mini irinta sabuwa. Ya kawo man birki gwangwani guda, ya ce shi ke nan gare shi. Abin da na kwana uku ina nema bai ɗauke shi lokacin shan ruwa ba.

A garejin ne na ga abin da ya fi burodi ba ni mamaki. Isuhu ya koma ƙarƙashin wata mota da yake cire wa iska. A kan kujera wani dattijo ne mai furfura, yana cin goro. Sai na ji daga ƙasa:

"Tsoho, taka! Taka! Riƙe! Kak ka saki! Na ce kak ka saki! To, saki!"

Dattijon na amsawa, "Na riƙe! Na saki!" kamar yaron mota. Na tambayi mai masauki wane ne wannan da ake yi wa tsawa haka. Ya ce babansa ne, mahaifi. Na riƙe baki. Da Isuhu ya fito na ce masa a garinmu da an tara masa dangi. Ya goge hannu a wando, ya dube ni.

"To ƙaƙa za ni ce mai?"

Na dai sa abin cikin jerin lalacewar ƙasar Faransa, tare da barcin rana da ɗanyen ganye, na kama hanya.

Dawowa ba ta da labari, sai dai mai kakin nan ya tambayi sabulunsa. Na iso ƙauye da la'asar sakaliya. Motar na nan, kaji sun mai da ƙarƙashinta gida. An ce mini kullum da safe Baba yakan share rairayin da ya taru a tayoyinta, wai don kada jaki ya yi tuntuɓe. Na sa sabuwar roba, na ɗaure komai, na cika kofi. Baba ya cire takalmi ya hau. Na yi addu'o'ina, aka taka, aka danne, na kwance, na ɗaure. Har rana ta faɗi feda ba ta canja ba, gwangwanin Isuhu kuma ya wuce rabi. Na koma zauren liman jikina a mace, ban san kuma abin da zan zarga ba.

Da hantsi ina tsugune gaban mota, sai ga Inna, uwar Luba, wadda ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. Ta fito har waje ba mayafi. Ba ta nemi itace ko taya ba, ni ta duba.

"Ta hwara naƙuda," ta ce, ta koma ciki.

Kafin in miƙe Baba na kan kujera, da takalminsa. Na zuba sauran man, na shige ƙasa, na ɗora sifana a kan noti. Garin tsit, maza duk suna fadama.

"Allah shi ba ka yawan rai, da an ɗan taka. Allah shi ƙara girma, da an ɗan danne."

Na kwance. Mai ya ɗan fito. Sai na ji wani ƙiii a sama, kukan sifirin ɗin feda tana komawa mazauninta, kuma a gaban idona ɗigon man da ke bakin notin ya koma ciki, ya ja iska ya shige da ita. Baba ya ɗaga ƙafa. Yakan danne gwargwadon abin da ya ga ya dace, gwiwa ta gaji, ya saki, tunda ba wanda ya ce masa kada. Haka muke yi tun ranar farko. Ni ina fitar da iska da ladabi, shi yana mayar da ita da ladabi.

Na ɗaure notin. Man da ya rage bai fi na gwaji kaɗan ba. Daga cikin gida na ji muryar Luba, ba kuka ba, wani nishi da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na rufe ido.

"Baba, taka!"

Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na ce shi ke nan, na gama zama surukin gidan nan. Sai feda ta motsa.

"Taka! Ƙara! Riƙe! Kak ka saki sai na ce!"

"Na riƙe!"

Maganarsa ta farko ke nan da ni. Na kwance, iska ta tofo da kumfa, na ɗaure. "Saki!" "Na saki!" Muka sake. Muka sake. Ina tsawa yana amsawa, har matan maƙwabta suka leƙo ta kan darni su ga wanda ya haukace. A na ƙarshe mai ya fito tsantsa ba kumfa.

"Ta yi tauri," in ji Baba. "Kai, ta yi tauri! Hito!"

Har yau ban sani ba ko tsohuwar robar tana da laifi.

Aka shimfiɗa wa Luba katifa a baya, Inna da gwaggo suka riƙe ta. Matan unguwa da liman suka tura, mota ta tashi, giya ta shiga ba ko ƙara. Baba ya zagaya ya zauna a gaba ba wanda ya gayyace shi, ya gaya wa gilashi yana da sayayyar igiya a kasuwar Sakkwato. Muka ratsa rairayi, muka hau kwalta. Waɗanda na wuce a tashar Boɗinga suna ɗaga mini hannu ban tsaya ba, yau kun ji dalili.

A asibiti suka karɓe ta da gudu, aka ce aiki za a yi. Na tsaya a baranda ina karanta duk abin da na haddace, ina rikita wata sura da wata. Baba bai shigo ba, bai kuma tafi kasuwa ba. Yana cikin mota a rana, gilashi a rufe rabi. Bayan azahar wata ma'aikaciya ta fito ta kira mijin Luba, ta gaya mini.

Na fita wajen mota. Na durƙusa a ƙofar da yake, na sunkuyar da kai, na fara yadda aka saba.

"Allah shi ba ka yawan rai, Allah shi ƙara..."

"Kai! Hwaɗi!"

"An yi aiki. Tana da rai. Ita da ɗiya mace, duk suna lahiya."

Ya ce madalla, a hankali. Sannan ya buɗe ƙofa, ya sauka, ya zagaya bayan mota inda ba kowa. Madubin ƙofar yana daidai fuskata, a ciki na hango shi ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da bakin rawani, kafaɗunsa na girgiza. Na miƙa hannu na karkatar da madubin ya dubi ƙasa, na zauna nan ina jiransa.